Gidaje Uku a Rayuwar Isaac Fadoyebo, Tsohon Sojan Bama

A watan Nuwamba na 2012 wani dattijo Bayarabe mai suna Isaac Fadoyebo ya rasu, saura makonni kaɗan ya cika shekara 87. Da za a yi masa irin sanarwar da aka saba yi wa ire-irensa, layi biyu sun wadatar: tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama, kuma magidanci ne mai riƙon iyali. Mai karatu ya saba ɗaukar rabin farko na irin wannan yabo a matsayin tarihi, rabi na biyu kuwa ya ɗauke shi kara ce da ake yi wa mamaci don a sanyaya zuciyar 'ya'yansa. A ganina wannan awo bai yi daidai ba. Fadoyebo bai kai shekara huɗu cikin kaki ba, amma ya yi shekara 67 a raye bayan an ajiye bindiga, yana ɗingishi da ƙafar da harsashi ya farfasa. Wanda ya duba rayuwarsa da kyau zai ga abin da ya fitar da shi daga ƙauyensu, da abin da ya hana shi mutuwa a dajin Asiya, da abin da ya yi da ran da aka ceto masa, duka a cikin gida suka faru. Gidaje uku ne: na mahaifinsa, na wani manomi Musulmi a gaɓar kogin Kaladan, da nasa na kansa a Legas. Tarihin da ya tsaya a fagen fama ya tsallake waɗannan gidajen ya bar mafi yawan labarin a baya.

An haife shi a watan Disamba na 1925 a Emure-Ile, wani ƙauye kusa da Owo, cikin jihar Ondo ta yau. Ya gama firamare, yana son wucewa gaba, amma hanyar sakandare ba ta buɗe masa ba, mahaifinsa kuma ya fi son ya zauna a gida ya zama ƙaramin malami. A farkon 1942, yana ɗan shekara 16, ya bi masu ɗaukar kurata. Ba Hitila ne ya dame shi ba, kuma da wuya a ce ya san inda Japan take a taswira; yaro ne da ya ga ƙauye ya yi masa ƙunci, ga kuma albashi da kaki da tafiya ana yi masa tayi. Haka dubban samari suka shiga, kowa da dalilinsa na gida. A Arewa, inda Turawa suka fi ɗebo masu riƙe bindiga tun zamanin Lugga, ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka bi, kuma ba kowane saurayi ne aka tambayi ra'ayinsa ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta yi ta kawo labarin yaƙin da Hausa. Hausa ce ma harshen bariki a rundunar Nijeriya, har Turawan hafsoshi sai sun koye ta. 'Yan Kudu masu ilimin boko kuwa an fi sa su aikin akawu, tuƙi, sadarwa da jinya. Fadoyebo ya faɗa cikin masu jinya, aka tura shi wani rukunin asibitin tafi-da-gidanka mai lamba 29, wanda akwai 'yan Saliyo a cikinsa.

A lokacin Japanawa sun riga sun ƙwace Singafo a watan Fabrairun 1942, sun shiga Rangun a watan Maris, sun kori Ingilishi daga Bama, ƙasar da yau ake kira Myanmar, har sun tunkaro iyakar Indiya. Sojojin Afirka ta Yamma sun riga sun nuna kansu a yaƙin Habasha da Italiya a 1941, don haka Janar George Giffard ya ba da shawarar a kai su Asiya. Hujjar da aka kafa ita ce wai baƙar fata ya saba da kurmi, hujjar da duk wanda ya san Katsina ko Gumel zai yi wa dariya, domin mutumin da ya tashi cikin gonar gero bai fi Bature sanin dajin gora ba. Aka kafa Runduna ta 81 a 1943 ƙarƙashin Manjo Janar Christopher Woolner, tambarinta gizo-gizo baƙi, daga baya Runduna ta 82 ta biyo. Wajen mutum 90,000 daga Nijeriya, Gana ta lokacin, Saliyo da Gambiya aka yi jigilarsu a jiragen ruwa. An cire birged guda ta 'yan Nijeriya aka haɗa ta da dakarun Chindit na Janar Wingate, sauran kuma aka tura su kwarin Kaladan a yankin Arakan. Babu hanyar mota a wurin, sai da suka sare daji da adda da diga suka yi ta da hannunsu. Abinci da harsasai daga jirgin sama ake sako musu da laima, sannan 'yan dako, waɗanda su ma sojoji ne amma yawancinsu ba bindiga, su ɗora a ka su hau duwatsu da su. Hafsoshi kusan duka Turawa ne. Seth Anthony na Gana, wanda ya kai muƙamin manjo, shi ne baƙin da ake nunawa da yatsa.

Ranar 2 ga Maris 1944 rukunin su Fadoyebo yana gangarowa a kogin Kaladan bisa gorori da aka ɗaɗɗaure ana fito da su. Sun kwana a bakin ruwa kusa da wani ƙauye, ba su san cewa Japanawa sun juyo da farmaki sun kutsa bayan rundunar ba. Da safe aka buɗe musu wuta daga ɗaya gaɓar. Ma'aikatan jinya ne, ba mayaƙa ba, don haka abin bai ɗauki lokaci ba. Harsashi ya karya wa Fadoyebo ƙashin ƙafar dama, wani ya same shi a jiki. Wani likita Bature, Kyaftin Richard Brown, ya tsaya yana taimakonsa maimakon ya gudu, Japanawa suka kama shi suka tafi da shi, ba a sake ganinsa a raye ba. Da suka zo kan yaron suka ga halin da yake ciki, sai suka bar shi, don a ganinsu ba ya buƙatar a ɓata harsashi a kansa. A littattafan tarihin soja wannan hari ko sakin layi guda ba ya cikawa: rukunin asibiti ne ƙarami aka tarwatsa a wani fagen da su kansu Ingilishi ke ɗauka na gefe, cikin rundunar Janar Slim da ake yi wa laƙabi da wadda aka manta da ita. A takardun hukuma sunan Fadoyebo ya shiga jerin waɗanda suka ɓace, aka aika gida da labarin da kowa ya fahimce shi a matsayin mutuwa.

Daga nan labarin ya fita hannun janar-janar ya koma hannun talakawa. Mutanen ƙauyen Musulmi ne masu magana da wani yare dangin Bangali, waɗanda yau duniya ta sani da sunan Rohingya. Su suka riƙa kawo wa waɗanda suka ji rauni shinkafa da ruwa a ɓoye. Cikin waɗanda suka tsira akwai David Kargbo, mutumin Saliyo, wanda shi ma aka harba a ƙafa. Su biyun suka yi makonni a kwance a daji, raunuka na ruɓa, sauro da ƙudaje na cin rabonsu, ga damunar Arakan mai ruwa kamar da bakin ƙwarya tana ƙaratowa. Sai wani manomi mai suna Shuyiman ya yanke shawarar ɗauko su ya kai su cikin gidansa, inda matarsa da 'ya'yansa suke. A tsaya a auna wannan shawara. Japanawa suna sintiri a yankin, kuma hukuncin wanda aka kama yana ɓoye sojan abokan gaba sananne ne, ba kuma shi kaɗai zai shafa ba. Baƙin nan biyu baƙaƙe ne, ba yadda za a yi a ce 'yan gari ne. Ba sa iya noma, ba sa iya gudu, sai dai a ciyar da su daga rumbun da da ma bai cika ba. Duk lokacin da aka ji motsin sojoji sai an san yadda aka yi aka ɓoye su. Haka aka yi ta yi, tun daga ranar harin har wata tara, kafin a watan Disamba na 1944 sojojin ɓangaren Ingila suka dawo kwarin suka same su a raye.

Mai shakka zai ce kada a cika zuzuta wannan alheri, domin yana da siyasa a ƙarƙashinsa. Gaskiya ne a 1942, da Ingilishi suka janye, an yi mummunan zubar da jini a Arakan tsakanin mabiya addinin Buda, waɗanda da yawansu suka karkata ga Japan, da Musulmi, waɗanda suka karkata ga Ingila. Musulmin yankin suna da dalilin fatan Ingilishi su dawo, kuma mai ɓoye sojansu zai iya sa ran tukuici. Akwai kuma wani abin da Fadoyebo da kansa bai ɓoye ba: shi da Kargbo sun nuna wa mutanen ƙauyen cewa su Musulmi ne, suka ɗauki sunayen Sulaiman da Dauda, don su sami shiga. To, a karɓi duka biyun, amma ba su rushe komai ba. A watan Maris na 1944 babu wanda ke ƙauyen Kaladan da zai iya rantsuwa cewa Ingila za ta ci yaƙin; a daidai lokacin ma Japanawa ke kutsawa Indiya ta Imfal da Kohima. Tukuicin da ake hasashe yana nesa, takobin Bajapane kuwa yana bakin ƙofa. Ƙauyen cike yake da mutanen da ke da addini ɗaya da siyasa ɗaya da Shuyiman, amma ba kowa ne ya buɗe ɗakinsa ba. Kuma ko da 'yan'uwantakar addini ce ta fara jawo shi, watanni na ɗawainiya da gurgu ba abin da ake yi da zumuɗin rana ɗaya ba ne. Aiki ne na maigida da uwargida da suka saba ciyar da wanda ke ƙarƙashin rufinsu, suka ƙara baki biyu a kan nasu. Daular Ingila da jiragenta da likitocinta ta rubuta yaron a cikin ɓatattu. Iyalin manomi ne suka riƙe shi.

An kai shi asibiti a Indiya, likitoci suka ceci ƙafar amma ta gajarce, ya kuma rabu da tafiya daidai har abada. A 1945 ya koma Emure-Ile, inda aka riga aka yi makokinsa. Mutane suka riƙa watsa masa ƙasa, bisa al'adarsu ta cewa idan fatalwa ce za ta ɓace. Bai ɓace ba. Yana da shekara 19 ko 20, gurgu, ba sakandare, ba sana'ar da ƙauye ke buƙata, kuma noman da mahaifinsa ya sani ba na mai ƙafa ɗaya da rabi ba ne. A nan ne yawancin masu ba da labari suke rufe littafi, da murnar dawowar wanda aka fid da rai da shi. Amma a nan ne tambayar da ta fi wuya ta fara: me mutum zai yi da sauran ransa?

Masana tarihi sun daɗe suna yi wa tsofaffin sojojin Afirka tambaya guda, wato ko su ne suka kunna wutar neman 'yancin kai. Akwai dalilin tambayar. A Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin Faransa sun bindige tsofaffin sojoji baƙaƙe da ke neman haƙƙinsu. A Accra, ranar 28 ga Fabrairu 1948, 'yan sanda sun harbe tsofaffin sojoji uku, Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, suna tafiya kai kokensu ga Gwamna, tarzomar da ta biyo baya kuma ta gaggauta tafiyar Gana zuwa 'yanci a 1957. Sai dai da masana irin su G. O. Olusanya da David Killingray suka bi diddigin abin a Nijeriya, sun tarar rawar da tsofaffin sojoji suka taka a siyasar jam'iyyu ba ta kai yadda ake zato ba. Mafi yawansu gida suka koma: wani ya sayi keken ɗinki, wani ya zama direba, wani dogari ko ɗan doka, wani masinja a ofishin En'e, da yawa kuma suka koma gona suka yi aure da kuɗin sallama. Daga wannan binciken sai wasu suka fahimci cewa ashe ba su yi wani abin a-zo-a-gani ba. Kuskuren yana cikin ma'aunin. An ɗauka tarihi shi ne abin da ya faru a dandalin taro, don haka dubban mutanen da suka koma suka kafa gidaje ba su shiga lissafi ba. Alhali ƙasar da ta karɓi dubban samari da suka koyi kisa, suka ga gawa ta fi ƙirga, ta kuma wayi gari yawancinsu sun zama iyaye masu biyan haraji da kuɗin makaranta, wani babban abu ya faru a cikinta, ko da ba a yi masa biki ba.

Kada kuma a ɗauka komawar ta zo da sauƙi ko hukuma ce ta shimfiɗa musu ita. An yi musu alkawarin aiki, ayyukan ba su isa ba. Kuɗin sallama ma da launin fata aka auna shi: wata takardar gwamnatin Ingila ta 1945, wadda 'yan jarida suka tono a 2019, ta nuna cewa a rundunonin Gabashin Afirka farabiti Bature yana samun sule 10 a kan kowane watan da ya yi yana aiki, baƙi kuwa sule 3 da sisi. Ciwon da yaƙi ke bari a ƙwaƙwalwa ba wanda ya san sunansa a lokacin, balle maganinsa. Wasu sun dawo sun faɗa shaye-shaye, wasu sun zama abin tsoro a unguwa, har a garuruwan Kudu sunan 'yan Bama ya koma laƙabin 'yan tasha da masu tayar da fitina. Marubuci Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda ya wallafa littafin Burma Boy a 2007 da jarumi Bahaushe mai suna Ali Banana, ya sha faɗin yadda mahaifinsa ya dawo daga Bama da yaƙin a cikin kansa, da yadda hakan ya bi gidansu. Wannan shi ne abin da ya sa nake cewa riƙon iyali a wurin tsohon soja ba abu ne da ke zuwa da kansa ba. Akwai wata hanyar a buɗe, mai sauƙin bi, kuma mutane da yawa da ba su fi Fadoyebo laifi ba sun bi ta.

Shi Legas ya nufa. Ya sami aiki a ma'aikatar ƙwadago, ya riƙa ƙara ilimi yana aiki, ya yi shekaru masu yawa yana hawa a hankali har ya yi ritaya. Ya yi aure, ya zauna a Surulere, ya haifi 'ya'ya mata, ya ga jikoki. Yaron da rashin sakandare ya tura shi bakin bindigar Japanawa ya tsaya har 'ya'yansa suka sami karatun da shi ya rasa. Ya ratsa samun 'yancin kai a 1960, juyin mulkin 1966, yaƙin basasa, arzikin mai da tsiyar da ta biyo bayansa, yana fita aiki da safe yana dawowa da yamma da ɗingishinsa. Ba shi da sarauta, bai tsaya zaɓe ba, ba a sa wa titi sunansa ba. Rayuwa ce da ba ta da abin da ɗan jarida zai ɗauka, kuma da ba don wata tara na Kaladan ba da babu wanda zai rubuta ta.

A nan ne suka ta biyu take shigowa, kuma ta fi ta farko nauyi. Za a ce: to, ai kowa ma yana aure yana haihuwa, in riƙon gida tarihi ne, kowane magidanci ya cancanci littafi. Za a ƙara da cewa yabon mai kula da iyali yabo ne mai arha, ana yi wa kowane mamaci, har wanda matarsa ta san ba haka ba ne, kuma sau da yawa yana rufe wahalar matan da su ne suka ɗauki nauyin gidan da na mijin da yaƙi ya lalata. Rabin ƙarshe na wannan suka daidai ne, kuma gyaran da yake nema shi ne a faɗaɗa labarin ya haɗa da matan, tun daga matar Shuyiman da ta dafa shinkafar da baƙi biyu suka ci har zuwa matan barikin da suka jira shekara uku ba wasiƙa. Wannan ƙarin hujja ne a kan cewa gida fagen tarihi ne. Rabin farko kuwa ya manta da bambancin mafari. Aikin da kowa ke yi, idan wanda aka bari a matsayin gawa yana shekara 18 ya yi shi, ya kuma yi shi shekara sittin ba tare da ya sauke wa 'ya'yansa abin da ya gani ba, ya zama shaida a kan yadda yaƙi ke ƙarewa. Japan ta sa hannu a takardar miƙa wuya ranar 2 ga Satumba 1945, amma wannan ya tsayar da harbi ne kawai. Ko yaƙin zai ci gaba a jikin matan aure da yara, ko zai tsaya a kan wanda ya yi shi, a ɗakunan mutane irin su Fadoyebo aka yanke wannan, gida-gida.

Akwai kuma masu cewa bai kamata ɗan Nijeriya ya ɓata tawadarsa a kan sojan da ya yi wa mai mulkin mallaka yaƙi ba, yaƙin da aka yi don Ingila ta ci gaba da riƙe Bama da Indiya. Ba za a musa cewa yaƙin na wasu ne ba. Barnaby Phillips, ɗan jaridar da ya rubuta tarihin Fadoyebo a 2014, sunan da ya ba littafinsa ke nan, Another Man's War. Sai dai wanda ya ƙi tuna sojan saboda wannan dalili ya yi wa Turawan mulki aikinsu ne kyauta, domin su ma mantawa da shi suka yi. Laifin daula ba ya hawa kan yaro ɗan shekara 16 da ya sa hannu a takardar da bai san ƙarshenta ba, balle wanda dagaci ya nuna da sanda. Kuma idan an bi ta gidajen, labarin da ke fitowa bai yi wa daular daɗi ba ko kaɗan: talakan mulkin mallaka daga Afirka ya faɗi, talakan mulkin mallaka daga Asiya ya ɗauke shi, ba da umarnin kowa ba.

Fadoyebo bai manta da wannan ba, kuma shi ne dalilin da ya sa muka san labarin. Ya zauna ya rubuta abin da ya same shi, rubutun ya kai hannun David Killingray, aka buga shi a 1999 a Jami'ar Wisconsin ta Amurka da sunan A Stroke of Unbelievable Luck. Ɗan ƙaramin littafi ne da mutane kaɗan suka karanta, har Phillips ya ci karo da shi a ɗakin karatu na gidan tarihin yaƙi da ke Landan, ya nemi marubucin ya same shi a raye a Surulere. Abin da ke damun dattijon a lokacin ba lambar yabo ba ce, ba kuma fansho ba. Damuwarsa ita ce ranar da aka zo ɗaukarsu an yi gaggawa, bai yi wa Shuyiman godiyar da ta kamata ba, kuma tun daga ranar bai sake jin ɗuriyarsa ba. Ya rubuta wasiƙa. A 2011 Phillips ya ɗauke ta zuwa jihar Rakhine, wato Arakan ta da, ya bi kogin Kaladan yana tambaya har ya gano ƙauyen. Shuyiman ya daɗe da rasuwa, amma 'ya'yansa suna nan, kuma sun san labarin baƙaƙen sojoji biyu da mahaifinsu ya ɓoye, domin a gidan ana ba da shi shekara 67. Aka karanta musu wasiƙar suna kuka, tashar Aljazeera ta nuna abin a shirin da ta kira Burma Boy. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma a lura da inda wannan ya maƙale: ba a ma'ajiyar takardun gwamnati ba, a bakin iyalai biyu ne da teku ya raba, kowannensu yana riƙe da rabin labarin. Shekara guda bayan haka, a 2012, rikici ya sake ɓarkewa a Rakhine tsakanin mabiya Buda da Musulmi, a shekarar da Fadoyebo ya rasu. A 2017 sama da Rohingya 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash, mutanen da dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta riga ta bar su ba ƙasa.

Nijeriya tana tuna yaƙin Bama, amma da sunayen wurare take tuna shi. Barikin Dodan da ke Legas, inda aka mulki ƙasar nan daga 1966 zuwa 1991, sunan wani wuri ne a Arakan. Haka barikin Myohaung da na Arakan a Legas, da Letmauk a Ibadan, da Kalapanzin a Kaduna; barikin Chindit na Zariya kuwa sunan dakarun Wingate aka sa masa; a Accra ma hedikwatar soja Burma Camp ake ce mata. Dubban mutane suna wucewa ta ƙofofinsu kullum ba su san daga ina sunayen suka zo ba. Mutanen da suka je can kuwa, waɗanda mafi yawan masu riƙe bindigarsu daga Arewa suka fito, har Sarkin Katsina Usman Nagogo ya bi su Indiya da Bama ya duba su, kusan duka sun tafi ba su bar rubutu ba. Fadoyebo ya yi sa'ar iya rubutu da Turanci, ya kuma yi sa'ar wanda ya nemo shi. Takwarorinsa na Kano, Zariya, Bauci, Gboko da Yarwa sun ba da nasu labarin ne a zaure da tsakar gida, ga 'ya'ya da jikoki, kuma waɗannan 'ya'yan yau su ma sun manyanta. Duk wanda kakansa ya je Bama, ya nemi takardar sallamarsa da lambobinsa da hotonsa in suna nan, ya zauna da tsofaffin gidan, mata kafin maza, ya ɗauki muryarsu ko da da waya ce. Ya tambaye su abin da tsohon ya ce ya gani a can, ya kuma tambaye su wane irin miji da uba ya zama bayan ya dawo, mai daɗin ji da marar daɗi. Sannan ya kai kwafi Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.